Yau ta tashi, gobe ta ƙi: Yadda ake farautar matsalar wuta mai ɓuya a tsohuwar Land Cruiser

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar jif ya san irin wannan ciwon. Da safe a murɗa makulli mota ta tashi bugu ɗaya, a wuni ana zirga-zirga lafiya lau, da la'asar a tsaya shan mai, a dawo a murɗa sai a ji ƙas, daga nan shiru. Ko kuma ana cikin tafiya a hanyar burji inji ya ɗauke kamar an zare makulli, bayan minti biyar ya tashi kamar babu abin da ya faru. A kai ta gareji, mai wayarin ya murɗa sau ashirin tana tashi, ya dubi mai mota ya ce lafiyarta ƙalau. Shi ya sa direbobi ke tsokanar irin wannan mota da cewa tana da iskoki.

Babu iskoki a cikinta, amma babu matsalar da ta kai ta cin kuɗi. Abin da ya mutu murus yana da sauƙin ganowa, domin yana nan a mace lokacin da aka zo dubawa. Wanda ke zuwa ya tafi shi ne ke jefa mutane cikin gyaran canki-canka: yau a sayi sabon batir, mako mai zuwa a canja kik, bayan wata ɗaya a ce altaneta ce. Duk lokacin da aka canja wani abu motar takan lafa na 'yan kwanaki, sau da yawa don kawai an motsa wayoyin da ke kusa da wurin, sai a ɗauka an dace. Daga baya ciwon ya dawo.

Motocin da wannan magana ta fi shafa sanannu ne daga Kano zuwa Agadez: Land Cruiser samfurin 80 da aka ƙera a Japan tsakanin 1990 da 1997, samfurin 70 da aka fara a 1984 kuma har yau ba a daina ba, tsofaffin Hilux, Nissan Patrol da Mitsubishi Pajero. A Nijar kat-kat ake ce musu. Injin dizal na 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida ya yi suna wajen juriya, kuma sunan bai faɗi a banza ba, sai dai wayoyin da ke kewaye da shi ba su da irin ƙarfinsa. Samfurin 80 mafi ƙarancin shekaru ya doshi talatin, ya sha zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ya sha ƙurar hunturu da ruwan damina, ya kuma bi ta hannun masu gyara da ba a san adadinsu ba. Kuma aikin da ake sa waɗannan motoci ba na cikin gari ba ne. Su ke kai marasa lafiya da allurar rigakafi ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, su ke ratsa Tenere. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92, akasarinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Abin da tsayuwar mota, kowane iri ne sanadinta, ke iya zama ke nan a irin waɗannan wurare.

Me ke sa ta zo ta tafi

Wuta a mota tana fita daga kan batir mai alamar ƙari, ta bi ta fiyus da makunni da rile, ta isa ga abin da za ta yi wa aiki, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. A kan wannan hanya akwai mahaɗa masu yawa, kuma kusan duk matsalar da ke zuwa ta tafi a mahaɗa take zaune, ko a cikin wayar da ta karye a ƙarƙashin robarta ba a gani. Abu uku ne ke buɗe irin wannan mahaɗa su rufe ta: zafi, girgiza da danshi. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, don haka soket ɗin da bakinsa ya saki zai iya kamawa da sanyin safiya ya saki da rana. Gargadar hanya tana raba silin waya biyu da suka karye amma suke taɓa juna. Ruwa kuwa yana shiga soket ya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, ya bushe matsalar ta ɓace, ya bar tsatsa mai launin kore da za ta ci gaba da cin tagullar a hankali.

Wannan ne ya sa kayan aiki na farko ba mita ba ne, wayar salula ce. Mai mota ya riƙa rubuta lokacin da abin ya faru: inji da zafi ko da sanyi, a kwalta ko a gargada, bayan ruwan sama ko bayan wankin inji, fitilu da esi a kunne ko a kashe. In da hali wanda ke zaune kusa da direba ya ɗauki bidiyon dashbod. Daƙiƙa goma na bidiyo sun fi bayanin awa ɗaya a gareji, saboda dashbod yana faɗin abu mai muhimmanci a daidai lokacin da inji ya mutu. Idan inji ya tsaya alhali makulli na kunne, ya kamata fitilar batir da ta man inji su kama. In sun kama, babbar hanyar wuta tana nan, matsalar tana wani reshe ne. In kuwa dashbod ya yi duhu gaba ɗaya, to wutar ta yanke tun daga tushe: kan batir, manyan wayoyin da ke fita daga shi, ko makunnin da ke bayan makulli. Wannan kallo ɗaya ya raba aikin gida biyu tun ba a buɗe bonet ba.

Gwajin da ya fi kowanne, kuma aka fi tsallakewa

Batir lafiyayye da ya huta na 'yan awoyi yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Lokacin da kik ke juya inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, idan inji ya tashi kuma a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Wasu motocin dizal suna da batir biyu a jere masu ba da volt 24, a nan sai a ninka alƙaluman. Kowane mai wayarin ya san wannan. Inda ake yin sake shi ne wajen gwada wayoyin kansu.

Abin da aka saba gani shi ne a juya mita zuwa wurin da take ƙara, a ɗora tsinke ɗaya a wannan bakin waya ɗaya a wancan, mita ta yi ƙara, a ce waya lafiya. Wannan gwaji yaudara ne. Babbar wayar kik tana da silin tagulla masu yawa a cikinta. Ko da duk sun ruɓe saura sili ɗaya, mita za ta yi ƙara, domin 'yar wutar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba. Kik ɗin injin dizal kuwa yana jan amfiya ɗari biyu ko fiye. A ɗauka tsatsa ta ƙara om 0.01 kacal a kan batir. Ƙaramar mita ba za ta ma iya ganin wannan ba, don wayoyin tsinkenta sun fi haka turjiya. Amma a ninka om 0.01 da amfiya 200, volt 2 ke nan suka salwanta a wuri ɗaya, suka koma zafin wat 400. Batir da ya sauka zuwa 10.5 lokacin tayarwa, abin da zai isa ga kik 8.5 ne. Da safe, da batir a cike, zai iya jurewa. Da rana, inji da zafi, ba zai iya ba.

Gwajin gaskiya shi ne a auna volt ɗin da ke ɓacewa a hanya lokacin da wuta ke gudana. A bar mita a kan volt. A ɗora jan tsinke a kan dalmar batir ita kanta, ba a kan maƙalar da ta kama ta ba, baƙin tsinke kuma a kan babban noti na kik, sannan wani ya murɗa makulli. Don kada inji ya tashi, a motar dizal a zare wayar da ke shiga famfon injekta, a ta fetur a cire fiyus mai rubutun EFI. Abin da mita ta nuna shi ne asarar da aka yi tsakanin wuraren biyu. Bai kamata ya wuce rabin volt ba, a waya mai kyau ma bai kai haka. Sai a koma ɗaya ɓangaren, daga dalmar batir mai alamar ragi zuwa jikin inji, inda ake so a ga 0.2 ko 0.3. Idan adadin ya yi yawa, a riƙa matso da tsinke mahaɗa bayan mahaɗa har a kai inda ya faɗi. Tsakanin dalma da maƙalarta kawai, duk abin da ya haura 0.1 datti ne ko sakewa. Wanda ba shi da mita zai iya taɓa mahaɗun da hannu a hankali bayan an ɗan juya kik, wadda ta yi ɗumi ita ce mai laifi. Masu 'yar kyamarar zafi da ake maƙalawa a wayar salula, irin FLIR One, suna ganin wurin yana haske a allo, amma tsadarta ta fi ƙarfin aikin gareji na yau da kullum, kuma mita ta riga ta faɗi abin da za ta faɗa.

Kan batir ɗin kansa yana shan wahala a hannun mutane. Idan maƙala ta saki, sai a buga ta da dutse ko a cusa ƙusa a tsakani. Bugun yana fasa inda dalma ta haɗu da murfin batir, ruwan batir ya riƙa tsattsafowa, farin garin nan ya dawo bayan mako biyu. Ruwan ɗumi da bekin soda yana wanke shi, ruwan kanwa ma yana yi tunda ita ma tana kashe kaifin asid, muddin ba a bari ya shiga cikin batir ba. Maƙalar da ta buɗe kuwa canja ta ake yi. Kuma ko yaushe kan ragi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Wayar at, uwar rikici

Idan mota ta fara abin da ba ya kama hankali, a taka birki sigina ta kama, a kunna fitilun gaba allurar zafin inji ta haura, a danna hon rediyo ta ɗauke, to a nemi wayar at, wato wadda ke mayar da wuta batir ta jikin ƙarfe. Idan hanyar komawa ta toshe, wuta ba ta haƙura, sai ta bi ta cikin wani ƙwan fitila ko wata allura ta nemi mafita. Inji yana zaune ne a kan robobi, don haka akwai waya ta musamman da ke haɗa shi da batir da kuma jikin mota. Sau da yawa bayan an sauke inji ko giya an mayar, ana mantawa da ita ko a ɗaure ta a kan fenti. A irin wannan hali wutar kik takan bi ta wayar totur ko wata siririyar waya, har ta yi zafi ta narkar da robarta.

Gwajinta ba ya buƙatar komai sai wayar jan wuta da ake taimakon mota da ita. A maƙala baki ɗaya a kan ragi na batir, ɗaya a jikin inji inda ƙarfe yake fili. In matsalar ta ɓace, an gano. A motocin Toyota farar waya mai baƙin layi ita ce ta at, kuma sukan taru a ɗaure da noti ɗaya a jikin mota. A kwance, a goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a sama. Giris bayan ɗauri yake zuwa, aikinsa hana ruwa.

Ƙas ɗaya, sai shiru

Wannan ita ce alamar da ta fi yawa a tsofaffin Toyota, kuma ta fi kowacce jawo sayen kik ba gaira ba dalili. A cikin kik ɗin Denso akwai 'yan tagulla biyu da wani faifai ke bugawa ya haɗa su duk lokacin da aka murɗa makulli. Kowane bugu yana ɗan ƙona su, bayan shekaru ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, faifan ya riƙa sauka a karkace. Wani lokaci ya haɗa, wani lokaci ya ƙi. Tagullan nan ana sayar da su daban, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na kik ba. Kafin a kwance, a kunna fitilar cikin mota a murɗa makulli ana kallonta. Idan ta dushe sosai, wuta na fita amma ba ta isa, sai a koma kan batir da manyan wayoyi. Idan an ji ƙas amma fitila ba ta ko motsa ba, tagullan ne ake zargi. Idan babu ƙas babu dushewa, umarnin ne bai iso ba: makunni, rile, ko a mota mai giyar otomatik makunnin da ke hana tayarwa sai a P ko N. A gwada tayarwa a N. In ta tashi, an san inda za a dosa.

Mutuwar inji ana cikin tafiya kuwa ta danganta da irin injin. 1HZ na asali ba shi da ƙwaƙwalwa, famfon injektarsa na ƙarfe ne zalla. Abu ɗaya tak yake buƙata daga batir idan ya tashi: wutar da ke riƙe wani ɗan solenoyid a jikin famfon a buɗe don mai ya wuce. Ta yanke na daƙiƙa ɗaya, inji ya mutu tsaf kamar an kashe shi. Wannan ya bambanta da matsalar mai. Idan tacen mai ya toshe ko iska ta shiga layi, inji yakan yi ta shaƙewa, ƙarfinsa ya ragu, kafin ya tsaya. Yankewar wuta ba ta sallama.

A injin fetur na 1FZ-FE mai lita 4.5 masu laifin sun fi yawa. Akwai wasu gajerun wayoyi kusa da kan ƙari na batir da aka yi su don su ƙone a madadin sauran idan wuta ta yi yawa. Tururin batir da zafi suna cinye su daga ciki, a waje kuma suna nan kamar lafiya. A ja su a hankali, wadda ta miƙe kamar roba ta karye a ciki. Akwai rilen EFI da ke ba ƙwaƙwalwa wuta, akwai rilen famfon mai. A motocin da ke da bututun EGR, wanda ke mayar da hayaƙi cikin inji, damin wayoyin inji yana wucewa kusa da shi ta baya, kuma zafinsa yana gasa robar har wayoyi su fara taɓa juna. Masu samfurin 80 sun daɗe da sanin wannan wuri. Allurar da ke nuna juyin inji ita ma shaida ce: idan ta faɗi sifili nan take alhali mota na gangarawa a giya, siginar tartsatsi ce ta ɓace, ba mai ba.

Abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe, da abin da na'urar Bluetooth ba za ta iya ba

'Yar na'urar nan ta ELM327 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari a haɗa da manhajar Torque ko Car Scanner ta yi arha, kuma tana da amfani a motar da ta san yarenta. Tana karanta lambobin matsala, tana nuna halin da inji yake ciki a daidai lokacin da lambar ta shiga, kuma za a iya barin ta tana zana layin sensa a allo ana tafiya, a ga inda layin ya yi tsalle. Sai dai yaren OBD-II ya zama dole ne a Amurka daga motocin 1996, a Turai daga 2001 ga na fetur, na dizal kuma suka biyo baya. Motar da ta girmi wannan, ko wadda aka ƙera don wata kasuwa, za ta iya ƙin amsawa ko da tana da soket mai baki 16. Ga shi kuma yawancin waɗanda ke kasuwa kwaikwayon na kamfanin Elm Electronics na Kanada ne, ingancinsu sai wanda aka dace da shi.

Tsofaffin Toyota na fetur suna da tasu hanyar da ba ta buƙatar sayen komai. A ɗakin inji akwai ɗan akwati mai rubutun DIAGNOSIS, a cikin murfinsa akwai taswirar ramukan. A haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, fitilar cek inji za ta fara ƙyaftawa. In tana yi babu tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya, babu lamba. In ta ƙyafta sau ɗaya, ta ɗan dakata, ta ƙyafta sau huɗu, lamba 14 ke nan, wato siginar tartsatsi. 12 siginar juyin inji ce, 22 sensar zafin ruwa, 41 sensar totur. A tabbatar da ramukan kafin a soka, haɗa waɗanda ba su ba yana iya yin ɓarna. Abu biyu ake mantawa a nan. Na farko, cire kan batir yana goge lambobin, kuma shi ne abin da ake fara yi a yawancin gareji, wato a share shaidar kafin a fara bincike. Na biyu, lamba layi take nunawa, ba kaya ba. Lamba 22 ba ta ce sensa ta mutu ba, ta ce akwai matsala tsakanin ƙwaƙwalwa da sensa, kuma a motar da ta shekara talatin soket ɗin da robarsa ta bushe ya fi sensar zama abin zargi. Ita ƙwaƙwalwar a ƙarshe ake zarginta. Wasu na farkon shekarun 1990 kafasitocinsu kan yi yoyo a kan allo, kuma mai gyaran rediyo da ya iya aikinsa zai iya canja su.

A tilasta mata ta fito

Tunda matsalar ba ta zuwa da kanta a gareji, sai a kira ta da abin da take so. A bar inji yana silo, a bi damin wayoyi ana girgiza su da hannu taƙi bayan taƙi, ana lanƙwasa kowane soket, ana ƙwanƙwasa rile da bayan sukudireba, ana kaɗa makulli a raminsa, tare da kiyaye hannu daga fanka da fambel. Inda inji ya yi tuntuɓe, nan ne. Idan rubutun mai mota ya nuna da zafi abin ke zuwa, na'urar busar da gashi za ta ɗumama koyil ko rile ɗaya bayan ɗaya. Idan da damina ne, a fesa ruwa da 'yar kwalbar feshi wuri bayan wuri. Da dare a cikin duhu ana iya ganin tartsatsi yana tsalle daga wayoyin fulogi da suka tsage. Wuri ɗaya ne ba a taɓawa, soket da wayoyi masu launin rawaya na jakar iska.

Mita mai maɓallin MIN/MAX ta cancanci ƙarin kuɗinta saboda wannan aiki kaɗai, domin tana riƙe adadi mafi ƙanƙanta da ta gani ko da ido bai kama shi ba. Amma dabara mafi arha ita ce ɗan ƙwan fitila. A ja waya daga bakin solenoyid na famfon injekta, ko daga wayar famfon mai a motar fetur, zuwa ƙaramin ƙwai a kan dashbod, ɗaya ƙafarsa a jikin ƙarfe mai tsabta, a ci gaba da harkoki. Ranar da inji ya ɗauke, a dubi ƙwan. In ya mutu tare da inji, wutar ba ta iso ba, sai a matsar da wayar baya zuwa rile ko makunni a sake jira. In yana ci, wuta ta iso, laifin na gaba ne. Yana iya ɗaukar mako biyu, amma kowace faɗuwa tana rage filin nema. Irin wannan ƙwai ba a sa shi a layin sensa ko na ƙwaƙwalwa, wutar da yake ja ta fi ƙarfinsu. Ƙaramar mitar volt da ake sokawa a ramin cajin waya ita ma tana tona asirin altanetar da gawayinta ya cinye, mai caji yanzu ta daina an jima. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. Batir ne ke shanye hauhawar wuta, in an cire shi tana iya yin tsalle ta ƙona altanetar ko ƙwaƙwalwa.

Fiyus da ke ƙonewa jefi-jefi yana nufin wata waya tana gogar ƙarfe. Maganin da aka saba, a naɗa silin tagulla ko a sa mai lamba mafi girma, gudun gara ne a faɗa gidan zago, don yanzu wayar ce za ta zama fiyus, a cikin dashbod. Launi yana faɗin ƙarfi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A maimakon fiyus ɗin a haɗa ƙwan sigina mai wat 21, a kashe duk abin da ke kan layin, a fara girgiza wayoyi. Da zarar wayar ta taɓa ƙarfe ƙwan zai haska sosai, kuma babu abin da zai ƙone. Wuraren da aka fi samu su ne cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, ƙofar baya, ramin da wayoyi ke ratsawa daga ɗakin inji zuwa ciki, da layin da ke bin shasi zuwa tanki da fitilun baya. A ƙarƙashin mota kuma akwai abin da ƙananan motoci ba su da shi: makunnai da 'yan motocin lantarki masu kulle difa, waɗanda ke wanka da laka duk damina. Fitilar kulle difa da ke ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, sau da yawa soket ne ya cika da ƙasa, ko kuma an shekara ba a kunna shi ba.

Batir da ke wayar gari a mace wata rana, wata rana kuma lafiya, a auna abin da mota ke sha tana kashe. Bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. Rabin amfiya kawai yana cinye kusan rabin batir mai lamba 70 a kwana uku. Mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ke auna wutar batir ba tare da an cire waya ba, ta fi dacewa a nan, saboda cire kan batir yana sakin rilen da ya maƙale, shaidar ta gudu.

A duk wannan nema, wurin da ya kamata a fara leƙawa shi ne inda hannun mutum ya taɓa. Wayarin ɗin kamfani yana tsufa a hankali, wanda aka ƙara daga baya shi ke saurin mutuwa: sikiyoriti da aka yanke layin mai ko na makulli aka saka, na'urar bin sawu, fitilun kan rufi, firji, rediyo mai manyan lasifika. Galibi murɗa waya aka yi aka naɗe da salatef, zafi ya narkar da gam ɗin. Motar da ta zo ta Kwatano ko ta yi aiki da wata ƙungiya takan zo da ragowar wayoyin kayan da aka cire, wasu har yanzu da wuta a jikinsu. Wajen sayen sabuwar waya kuma a kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan cikinsa fari ne, alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla mai kaurinsa ke ɗauka, kuma yana saurin karyewa a gargada. Sau da yawa damin wayoyi na asali da aka ciro daga wata motar, irin wanda ake nema a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya fi sabuwar waya marar asali. Haɗi mai kyau shi ne a matse da maƙala da abin matsewa na gaskiya, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure damin yadda ba zai yi lilo ba. Abu ɗaya ake gyarawa a lokaci ɗaya, sannan a koma kan hanyar da ta saba tayar da ciwon, a irin lokacin da ta saba, a gani.

Ga mai 1HZ da zai shiga daji, akwai guntuwar waya da ta cancanci wuri a akwatin sifana: mita biyu, da fiyus na amfiya 10 a tsakiya da maƙala a kowane baki. Idan layin makulli ya mutu a inda babu mai wayarin, a haɗa ta daga kan ƙari na batir zuwa solenoyid ɗin famfon injekta, za a ji ɗan ƙas, a tura motar a giya ta biyu ta tashi. Makulli ba zai kashe ta ba sai an zare wayar, kuma mai yiwuwa altaneta ba za ta yi caji ba, amma solenoyid kaɗan yake sha, batir zai kai ta nesa matuƙar ba a kunna fitilu ba. Da sanyin asubar hunturu injin yana buƙatar hita kafin ya kama, don haka a jira rana ta ɗaga kafin a fara turi.